Jirgin kagon da ya faɗi a Kirikasamma: laifin wa?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum. Shekaranjiya na je gida gaida tsohona, na same shi a zaure yana ɗinkin taru. Ana cikin hira aka shiga gardamar shekarun wani ƙanenmu, sai tsoho ya ce, ko kai bai ɗago ba, "Ai ba abin musu, damina biyu bayan jirgi ya faɗo aka haife shi." Mu a wajenmu da wannan ake lissafin shekaru, kamar yadda ake cewa shekarar ambaliya ko shekarar fari. Amma samarin da ke zaune a wurin ba ko ɗaya da ya san an taɓa yin haka.

Ga abin da ya faru. Ranar 19 ga Disamba 1994, jirgin dakon kaya na Nigeria Airways, Boeing 707, ya taso daga Jidda zai sauka a Kano. Mutum 5 ne a ciki. Suna sama ƙafa 35,000, sun kusa Njamena, injiniyan jirgin ya ji wani wari da bai gane ba. Waɗanda ke baya wajen kaya suka ce su ma sun jima suna jin sa, kuma wani hazo-hazo yana tashi a kusa da falet na 11. Falet shi ne faffaɗan farantin ƙarfen nan da ake jibge kaya a kai a ɗaure da raga. Suka fesa masa abin kashe gobara, suka bi ƙa'idar fitar da hayaƙi, abin ya lafa. Suka ci gaba da tafiya. Da aka ba su izinin fara sauka domin Kano, ƙararrawar gobara ta buga, hayaƙi ya cika, jirgin ya daina jin umarni, ya faɗa fadama kusa da Kirikasamma a ƙasar Hadejia. Mutum 3 suka rasu, 2 suka rayu.

Masu bincike suka ce sanadin shi ne wani abu mai haifar da zafi da aka ɓoye a cikin kayan yadi a falet ɗin. Wannan kalmar "ɓoye" ce ta hana ni barci. Ke nan akwai wanda ya naɗe abin nan da hannunsa, ya tafi gida ya ci tuwo, yana jiran kayansa su iso Kano. Shi ya sa na kawo maganar nan zauren. Laifin wa ne?

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan su da rahama. Wallahi an haife ni a Kano, na girma a Kano, yau na fara jin labarin nan.

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta musu. Ni tambayata ɗaya ce. Kun ji ƙauri kuna saman Njamena, ga fili a ƙarƙashinku, gaba kaɗan ga Maiduguri. Me ya sa sai Kano? Ko direban tirela ya ji ƙaurin taya gangarawa yake yi gefen titi ya duba, ba ya cewa bari na ƙarasa gari. Ni a ganina nan aka yi kuskuren.

Injiniya:
Baban Khalifa, maganarka tana kan hanya, kuma abin da ake koya wa matuƙa yanzu ke nan: hayaƙin da ba ka tabbatar ka kashe tushensa ba, ka nemi fili mafi kusa ka sauka. Amma ka yi musu adalci. Sun fesa, hayaƙin ya tsaya. Kai ne a kujerar, dare ya yi ko rana ta yi, kana ɗauke da kayan mutane, ga gida saura tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, an zo an ce maka abin ya lafa. Mutum nawa ne a cikinmu za su karkata?

Matsalar yadi ita ce yana cin wuta a ɓoye. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar katifar auduga ya sani. Ka zuba ruwa a sama ka ga ta mutu, bayan awa biyu ka ɗaga ka tarar cikinta ja wur. Dilar da aka matse aka ɗaure, aka jera wasu a kanta, aka lulluɓe da leda da raga, abin kashe gobara na hannu fatar waje kawai yake taɓawa. Ba damar kwance falet a sama, domin ba wurin da za ka warware shi.

Kuma 707 jirgi ne na da. Igiyoyin ƙarfe ne suke tashi daga gaban matuƙi su bi jikin jirgin har wutsiya. In wuta ta isa gare su, ko abin da ke riƙe da su ya narke, ka ja sitiyari iya ƙarfinka ba abin da zai motsa. A rahoton an ce zafin ya kai ga fashewa, fashewar ta lalata hanyoyin sarrafa jirgin. Daga nan ƙwarewa ba ta da sauran amfani.

Baban Khalifa:
Na ji, Injiniya. Amma ka ga da kanka ka ce yanzu an canza koyarwa. Ke nan an gane hanyar da suka bi ba ita ba ce.

Injiniya:
An gane, amma da gawarwaki aka gane. Bayan nasu ne aka yi na Swissair a 1998 a gaɓar Kanada, mutum 229, daga jin wari zuwa faɗawa teku minti 20 da 'yan kai. Su na Kirikasamma ba su da wannan darasin a hannu.

Alhaji na Kwari:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, na ga inda maganar ta dosa, za a ce 'yan kasuwa ne. Shekara 30 ina harkar Kano-Jidda kafin na koma Dubai da Caina. Bari in faɗa muku, ɗan kasuwa ba shi ke loda jirgi ba. Ni na kai kayana ofishin ejan, wato dillalin tura kaya, ya auna, na biya shi kuɗin kilo, ya ba ni rasit. Daga nan har su iso ban ƙara ganinsu ba. Akwai na'urar haska kaya, akwai jami'an filin jirgi, akwai kamfanin jirgin da kansa. Duk waɗannan albashi suke ci don su duba. In abu ya wuce su, sai a tsallake su duka a kamo mai kanti a Kwari? Wannan ba adalci ba ne.

Mai Lodi:
Ranka ya daɗe Alhaji, da girmanka, amma ni a rumbun kago nake aiki, shekara 11 ke nan, bari in ba ka labarin abin da hannuna ya taɓa.

Wata rana da hantsi muna sauke kaya, na ɗauko wani kwali an naɗe shi da salatif ruwan ƙasa tun daga sama har ƙasa, an rubuta da maka "takalman yara". Ina ɗagawa na ji nauyin ba na takalmi ba ne. Na ɗora tafin hannuna a gefensa na ji ɗumi, irin ɗumin bayan talabijin da ta kwana a kunne. Na kira ogana, muka fitar da shi fili muka yanka. Sama takalma ne kam, ƙafa shida. Ƙasa fawa banki ne zube, ba kwali ba leda, an cusa su kamar goro a huhu, har da cajoji da sukurori a tsakaninsu. Guda biyu sun kumbura, ɗaya robarsa ta fara narkewa ta manne da na kusa da shi. Kwalin nan awa nawa ya yi a sama da mutane a gabansa?

Na'urar da kake magana, Alhaji, bam da bindiga aka fi sa ta nema. Mai kallon allon yana ganin kwali ɗaruruwa a dare ɗaya, jirgi yana jira. Duk tsarin kago a duniya a kan amana aka gina shi: abin da mai kaya ya rubuta, shi ake ɗauka. In ka rubuta yadi, a wurin yadi za a ajiye shi. In ka rubuta gaskiya, akwai irin kwalin da za a sa shi, akwai tambarin da za a manna, akwai inda za a ajiye shi nesa da abin da zai kama, kuma a ba kyaftin takarda ya sa hannu, ya san me yake ɗauke da shi da kuma inda yake. Wanda ya ɓoye, wannan takardar ya sace wa kyaftin.

Alhaji na Kwari:
To ai ka faɗa da bakinka. Wanda ya yi haka ɓarawo ne, a kama shi. Amma kar a yi mana kuɗin goro. Kuma ka tambayi kanka me ya sa mutane suke yi. Je ka ce wa ejan kana da turare kwali uku ka ga. Ko ya ce ba ya ɗauka, ko ya faɗi kuɗin da ya cinye ribar har da uwar kuɗin. Yarinyar da ta tara jarinta da adashe, ta ina za ta biya? An toshe ƙofa, dole mutane su bi taga.

Maman Ilham:
Alhaji, ni ce yarinyar da kake faɗa, kuma jikina ya yi sanyi. Ina saro abaya da turaruka. Zuwana na farko wata 'yar uwa ta kai ni wurin wani ejan, a wani ɗaki a saman bene, ko'ina buhuna har rufi. Na ce masa ina da turaren fesawa dozin takwas. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Hajiya kawo." Ya zauna a ƙasa, ya riƙa ɗaukar kwalba yana naɗe ta a cikin abaya ɗaya-ɗaya kamar ana naɗe jariri, ya jera a tsakiyar buhu, ya rufe da mayafai, ya zagaye da salatif. Ya rubuta "tufafi" da lambar wayata. Na ce ba matsala? Ya ce kowa haka yake yi, don kar kwastan su tsawwala ne. Ni wallahi tallahi duk zatona maganar kuɗin fito ce. Ban taɓa kawo wuta a raina ba. Shekara huɗu ke nan haka ake yi mini.

Injiniya:
Hajiya, tunda kin faɗi gaskiya bari in yi miki bayani yadda yake. Kayan haɗari a jirgi aji 9 aka kasa su. Turaren fesawa da ke da sifirit yana aji na 3, ajin ruwa mai kamawa da wuta, aji ɗaya da fetur da tina. Ma'aunin shi ne, duk ruwan da tururinsa zai iya kamawa a zafin digiri 60 ko ƙasa da haka ya shiga. Turaren mai zalla, irin na ɗurawa, da yawansa bai shiga ba, amma takardar kamfanin da ya yi shi ce take nunawa, ba hancin ejan ba. A sama iskar cikin jirgi ba ta kai nauyin ta ƙasa ba, murfin da bai ɗauru ba sai ya fara tsiyaya. Kwalba ta zube a cikin abaya, kin haɗa mai da lagwani ke nan, ashana kawai ake jira. Ashanar kuma tana iya zama a buhun wani da ba ki taɓa gani ba, domin ejan kayan mutum 30 yake haɗawa a takarda ɗaya.

Ba a hana ɗaukar turare ba. Kullum ana ɗaukarsa a jirgi, tan-tan. Sharaɗin a faɗa, a shirya shi yadda doka ta ce.

Ɗan Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta Ghana, 'yan uwa. Ni abin da ya fi damuna a maganar Ɗan Fadama shi ne mantuwar. Mu ma an yi mana. Ranar 2 ga Yuni 2012 jirgin kago na Allied Air, Boeing 727, ya zo daga Legas cikin ruwan sama, ya sauka a filin jirgin Kotoka na nan Ankara ya zarce titi, ya fasa katanga ya fito kan hanya wajen filin wasa na El-Wak, ya murƙushe motar haya. Mutum 10 da ke cikin motar duk suka rasu, ma'aikatan jirgin 4 suka fita da ransu. Hanyar nan mu 'yan unguwannin Nima da Mamobi kullum muna binta. Washegari jirgin Dana ya faɗi a Legas, duniya ta juya can, namu ya shige ƙarƙashi. Jirgin kago in ya faɗi, kwana biyu an daina maganar, don ba a ga jerin sunayen manya ba.

Baban Khalifa:
Allah ya jiƙan su. Amma naku ba wuta ba ce, matsalar sauka ce.

Ɗan Nima:
Haka ne yaya, ban ce iri ɗaya ba ne. Mantuwar ce iri ɗaya.

Injiniya:
Bari in koma kan tambayar Baban Khalifa, domin akwai wanda ya fi kama da namu, kuma a garin da mutanenmu suke saro kaya aka yi shi. Ranar 3 ga Satumba 2010, jirgin kago na kamfanin UPS, Boeing 747, ya tashi daga Dubai zai je Kolon a Jamus, matuƙa 2 kawai. Minti 20 da ɗoriya da tashi ƙararrawar gobara ta buga. Waɗannan ba su ce bari mu ƙarasa ba, nan take suka nemi sauka. Aka ce musu ga Doha ta fi kusa, kyaftin ya zaɓi komawa Dubai. Cikin 'yan mintuna hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi. Iskar takunkumin numfashin kyaftin ta yanke, ya tashi ya ɗauko na hannu, bai dawo kujerarsa ba. Aka bar mataimakin shi kaɗai.

Ku tsaya ku hango mutumin nan. Ba ya ganin agogunan da ke gaban hancinsa. Ba ya ganin rediyon balle ya murɗa ta zuwa tashar hasumiyar Dubai, sai wasu jirage da ke sama ne suke karɓar magana suna miƙa masa, yana roƙo a faɗa masa tsayinsa da gudunsa da inda ya dosa. A haka ya kawo jirgin har Dubai. Amma ya zo da tsayi da gudu fiye da kima, tayoyi ba su fito ba, ya wuce ta saman filin. Aka ce ya gwada Sharja. Bai kai ba, ya faɗi a yankin Nad Al Sheba. Daga ƙararrawa zuwa ƙasa bai cika minti 30 ba.

A cikin kayan akwai baturan lithium sama da 80,000, kuma binciken hukumar jiragen Daular Larabawa ya nuna wutar daga wurin da suke ta tashi. Ya kuma gano akwai waɗanda ba a bayyana su a matsayin kayan haɗari yadda ya kamata ba. Shi batirin nan da kansa yake ƙera zafinsa, ɗaya ya kunna na kusa da shi, haka har kwalin ya ƙare. Yawancin jiragen kago kuma babban ɗakin kayansu ba shi da na'urar fesa maganin wuta. Dabarar ita ce matuƙa su sa takunkumi a rage iskar ciki don wuta ta rasa abin ci. Wannan tana aiki a kan kwali da yadi, ba ta cika aiki a kan batir ba. Shi ya sa tun 1 ga Afrilu 2016 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana loda baturan lithium masu caji zalla a matsayin kago a jirgin fasinja, a jirgin kago kuma cajinsu kar ya wuce kashi 30 cikin 100.

Don haka Baban Khalifa, ga waɗanda suka juya nan take, ba su tsira ba. Wutar jirgi a ƙasa ake kashe ta, a ɗakin ejan, kafin a ɗaure buhu.

Baban Khalifa:
Ko a nan ɗin ma an ce musu ga Doha. Ban janye ba, Injiniya, fili mafi kusa shi ne fili. Amma na yarda ba su suka kunna wutar ba.

Malam na Damagaram:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Alhaji na Kwari, ɗan'uwana, ina da magana da kai a hankali. Ka san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ƙasa. Mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa. Aka ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, kuma wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Can asarar mai saye 'yan kuɗi ne. Nan wanda aka ɓoye wa ransa ne a ciki, kuma ko cinikin ba da shi aka yi ba. Tsadar hanya uzuri ce ta a yi kuka, a haɗu a nemi sauƙi. Ba ta zama uzurin rubuta ƙarya a kan buhu ba. Wanda bai sani ba kamar Hajiya, hukuncinsa daban kafin ya sani. Yau ta sani.

Alhaji na Kwari:
Allah gafarta Malam, ban musa hadisi ba, kuma ni ban taɓa rubuta abin da ba shi ne a ciki ba, Allah shaida ne. Abin da nake cewa, in ba a kama ejan ba, ba a gyara komai ba. Shi ya san doka, shi yake da lasisi, shi yake koya wa yara naɗe kwalba. Mai kaya ɗaya ya tuba, gobe ejan ya naɗe wa mutum 50. Kuma har yanzu ina nan a kan bakana, kamfanin da ya karɓi kuɗi ya ɗauki kayan da bai duba ba, shi ma a tambaye shi.

Mai Lodi:
A nan kam muna tare, Alhaji. Mai kwalin takalman nan da na faɗa, da aka kira shi rantsuwa ya yi ta yi cewa shi ya faɗa wa ejan abin da ke ciki. Kuma na yarda da shi. Ku manyan kasuwa kuna da ƙungiya, kuna da murya. Da za ku haɗa turare da batura na mutane da yawa ku turo su ta hanyar da aka tanada, ko ta kwantena a ruwa, kuɗin zai rabu a kan kowa, ƙananan 'yan kasuwa su samu shiga.

Alhaji na Kwari:
Ana yin haka a yadi. A turare ban ga an gwada ba. Zan taɓa maganar da mutanenmu, amma ban yi alkawari ba, don kowa gaggawa yake yi kayansa su riga na wani isowa.

Ɗan Fadama:
Na kira tsoho yanzu na karanta masa wasu daga cikin amsoshinku. Da na zo wurin mataimakin matuƙin nan na Dubai sai ya yi shiru, can ya ce in sake karanta masa. Ya ce shi duk shekarun nan yana zaton inji ne ya mutu musu.

Maman Ilham:
Injiniya, don Allah taimaka mini. Ina da buhu biyu a hannun ejan yanzu haka, ya ce jibi za su tashi. Akwai turaren fesawa dozin biyar a ciki, da ƙananan fitilun nan masu caji guda 40. Wace takarda zan ce ya nuna mini?

Injiniya:
Ki ce ya cire turaren da fitilun daga cikin tufafin tukuna. Sannan ki tambaye shi ko yana da izinin tura kayan haɗari, ya turo miki hoton takardar bayyana su da sa hannunsa, da hoton kwalin da tambarin a jiki, na turaren jan tambari ne mai hoton harshen wuta da lamba 3. Shagon da kika saya su ba ki takardar bayanin sinadarin turaren. In ya ce ba ya yi, ki ce ya ajiye miki su gefe a sa a kwantena.

Maman Ilham:
Na kira shi. Ya ce an riga an ɗaure, an kai rumbu, kwancewa sai na biya kuɗin ma'aikata da na sabon awo, kuma wai me ya same ni yau. Na ce ya faɗi ko nawa ne. Ya ce zai kira ni. Minti 40 ke nan bai kira ba, na sake bugawa sau biyu ba ya ɗagawa. Na tura wa 'yar uwata da ke can ta hau tasi ta je ofishin da kanta kafin su rufe.